Kwana 11 da Kafasita Ta Sha Zagi: Tarihin Katin RTX 3080

 Yau mun ɗan kauce wa tarihin adabi, mun leƙa cikin kwamfuta. Kada wanda bai taɓa buga gem ba ya wuce, domin labarin na zargi ne, kuma wanda ake zargin an yanke masa hukunci tun kafin a gama bincike.

Katin girafik shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido yake gani a sikirin. Idan rubutu kawai kake yi, ɗan ƙaramin da ke haɗe da kwamfutarka ya wadatar. Masu manyan wasanni da masu tace fim kuwa sukan sayi nasa daban, mai fankoki da ƙwaƙwalwarsa, wani ma kuɗinsa ya fi na sauran kwamfutar gaba ɗaya. Babban takaicin mai irin wannan kati shi ne ya saye shi sabo fil, ya ɗaura, wasa ya yi nisa, sai sikirin ya ƙame, ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya tsinci kansa a fuskar Windows kamar bai taɓa buɗe komai ba.

Wannan baƙin da sikirin ke yi yana da nasa tarihin. A zamanin Windows XP, idan katin ya maƙale, yawanci kwamfutar ce baki ɗaya take sandarewa ko ta jefo shuɗin allo, sai an kashe an kunna. Da Windows Vista ta fito a Janairun 2007, kamfanin Microsoft ya sa mata wani mai gadi da ake kira TDR. Aikinsa ɗaya ne: idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, sai Windows ta sake tayar da direbansa, wato manhajar da ke yin tafinta tsakanin katin da sauran kwamfuta. Kwamfutar takan tsira, wasan ne ke mutuwa. Sannan a rubuta a kundin Windows cewa direba ya daina amsawa amma ya farfaɗo, da lamba 4101, in katin Nvidia ne kuma da sunan fayil ɗin nvlddmkm.

Matsalar ita ce mai gadin nan bai san dalili ba. Ko zafi ne, ko wuta ce ta gaza, ko direban ne da kuskure, ko dalma ce ta tsage, saƙo ɗaya yake rubutawa. Ciwo daban-daban, zazzaɓi iri ɗaya. Kuma tun da sunan direba ne ke fitowa, shi aka saba ɗora wa laifi. A farko ma ya cancanta: takardun Microsoft da suka fito fili a wata shari'a a 2008 sun nuna cewa cikin faɗuwar Vista da aka ƙirga a 2007, kashi 28.8 cikin ɗari na direbobin Nvidia ne, fiye da na kowane kamfani, har da Microsoft ɗin kansa.

A shekarar 2008 ɗin dai aka ga ɗaya fuskar. A watan Yuli Nvidia ya amsa cewa wasu ƙwaƙwalen girafik da ya sayar wa masu ƙera laftof suna mutuwa da wuri, ya ware dala miliyan 196 don gyara da musanya. Ƙananan ɗigon dalmar da ke riƙe da ƙwaƙwalwar ne suke tsagewa saboda yawan zafi da hucewa. Abin ya shafi laftof ɗin HP da Dell da Apple. Wasu kamfanonin sun fitar da sabunta manhaja da ke sa fanka ta riƙa juyawa da wuri, abin da masu saye da yawa suka ɗauka a matsayin jan lokaci har garanti ya ƙare. Irin waɗannan laftof sun iso kasuwanninmu a matsayin na hannu, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai gyara yana hura wa allon laftof iska mai zafi don hoto ya dawo na 'yan makonni, to ya ga jelar wannan labari. Abin da 2008 ta bari a zukatan masu saye shi ne: idan kamfani ya ce manhaja za ta gyara, a duba da kyau, wataƙila ƙarfen ne ya lalace.

Da wannan zuciyar aka shiga Satumbar 2020.

Ranar 17 ga wata aka fara sayar da GeForce RTX 3080 a kan dala 699. Lokacin korona ne, mutane suna zaune a gida, katin kuma ya ƙare a shaguna cikin mintuna. Waɗanda suka yi sa'ar samu ba su daɗe suna murna ba. Cikin 'yan kwanaki ƙorafi ya cika intanet daga ƙasashe daban-daban: wasa yana faɗuwa. Masu lura suka gano wani abu guda. A takarda saurin katin megahaz 1710 ne, amma yana da tsarin da ke ƙara wa kansa gudu muddin akwai sanyi da wuta. Da zarar ya taɓa wajen 2000 ko ya ɗan haura, sai ya faɗi. Wanda ya rage masa megahaz 50 zuwa 100 da hannunsa, sai ya zauna lafiya.

Mako guda da fitowar katin, wani Bajamushe mai binciken kayan kwamfuta, Igor Wallossek, ya wallafa bayanin da ya juya zancen. A bayan katin, daidai ƙarƙashin ƙwaƙwalwar, akwai gurabe 6 na kafasita. Masu gyaran fanka da rediyo sun san ta da kwandansa. Aikinta a nan kamar randa ce a gefen famfo: tana ajiye 'yar wuta, idan ƙwaƙwalwar ta zuƙa farat ɗaya sai ta cike giɓin kafin babban layi ya kawo. Kowane gurbi ana iya sa masa babbar kafasita baƙa guda ɗaya, ko a jera ƙanana guda 10 da ake kira MLCC. Babbar ta fi ɗaukar wuta, ƙananan sun fi saurin amsawa. Katin da Nvidia ya ƙera da kansa ya haɗa manya 4 da jerin ƙanana 2. Asus TUF ya cika duka shida da ƙanana. Zotac Trinity ya cika duka shida da manya. Wallossek ya ce mai yiwuwa katunan da suka dogara da manyan ne suke kasa riƙe wuta a babban gudu.

Sai kamfanin EVGA ya fito ya ce lallai a gwajinsa na kafin fitarwa, samfurin da ke da manya shida bai ci jarrabawa ba, har ya canza zuwa manya 4 da ƙanana 20, kuma wannan ne ya jinkirta katinsa na FTW3. Shi ke nan, wuta ta kama. Aka shiga zana jadawali, kowane kati da adadin kafasitarsa. Aka yi ta yawo da hotuna an zagaye gurabe shidan da jan layi. Mutane suka riƙa haska tocila ta ramin bayan katinsu suna ƙirge, wasu suka soke odar da suka sha wahala kafin su samu. Kamfanonin da suka sa manya aka ce sun yi ƙwauron kuɗi.

Mu ma da muka fara tattara wannan rubutu, wannan labarin muka riƙe, kuma mun so a ce shi ne gaskiya, domin ya fi daɗin rubutawa. Yana da mugu, yana da hujjar da ido ke gani, yana da adadi mai sauƙin riƙewa. Amma akwai abubuwan da suka ƙi shiga cikinsa. An samu rahoton faɗuwa a katunan Nvidia na kansa, an samu har a na Asus da ake yabo. Sunan da aka yi ta kiran manyan da shi, POSCAP, sunan wani samfurin kamfanin Panasonic ne, kuma masana lantarki sun nuna cewa yawancin waɗanda ke kan katunan wani nau'i ne daban. Batun arha ma bai tsaya da ƙafarsa sosai ba, tun da babbar kafasitar ba kayan banza ba ce. Wani Bajamushen kuma, Roman Hartung da aka fi sani da der8auer, ya ɗauki kati mai manya shida, ya cire biyu ya maye su da ƙanana. Katin ya ƙara juriya, amma da ɗan kaɗan ne, ba irin tazarar da za ta raba kati mai kyau da marar kyau ba.

A cikin rubutun Wallossek ɗin akwai wani batu da jama'a suka tsallake saboda ba shi da hoto. Ya ce don gudun kada sirri ya fita, kamfanonin da ke haɗa katunan ba su samu cikakken direba da wuri ba, sai wanda ke gudanar da 'yan manhajojin gwaji kaɗan. Ma'ana an ƙera kati, an sa masa iyakar gudu, ba tare da an gwada shi sosai a ainihin wasannin da za a buga da shi ba. A ganinmu nan ne zuciyar labarin take.

Ranar 28 ga Satumba, kwana 11 da fitowar katin, Nvidia ya saki direba mai lamba 456.55. Faɗuwar ta tsaya wa mafi yawan mutane, har da masu manya shida. Masu gwaji suka duba suka ga abin da ya canza: an ɗan gyara yadda katin ke daidaita gudu da ƙarfin wuta, ya daina yin tsallen da ke kai shi bakin rami, kuma abin da aka rasa na sauri bai kai a ji shi a wasa ba. Nvidia ya ce yawan wannan kafasita ko waccan ya danganta da tsarin kowane kati, ba shi ne ma'aunin inganci ba.

To wa ya yi gaskiya? Ba za mu ce kafasita ba ta da hannu ko kaɗan ba, shaidar EVGA tana nan. Abin da ya fi kusa shi ne, direban farko yana tura ƙwaƙwalwar har gaɓar da 'yar girgizar wuta ke kayar da ita. A wannan gaɓar, katin da tace wutarsa ta fi kyau, ko wanda ya dace da ƙwaƙwalwa mai ƙwari, yakan ɗan ƙara daurewa. Kafasita ta taimaka wajen tantance wanda zai fara faɗuwa, direba ne ya kai su duka bakin ramin. Sai dai jimla irin wannan ba ta yawo kamar hoto mai jan layi. Mu da ke koyon rubuta tarihi, ko na unguwa ne ko na masarauta, mun san irin wannan ruwayar: wadda kowa ya haddace saboda ta fi tsari, ba don ta fi shaida ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙara rikita mai neman amsa guda. A Yulin 2021, lokacin gwajin wasan New World na kamfanin Amazon, wasu katunan RTX 3090 na EVGA suka mutu murus. Aka ce wasan ne ke kashe kati, har Amazon ya sa wa shafin farkon wasan iyakar gudu. Da EVGA ya buɗe matattun katunan, kimanin guda 24, sai ya tarar da aikin dalma marar kyau a sashen da ke rarraba wuta. Wannan karon an zagi manhaja, laifin na ƙarfe ne. A tsakanin nan kuma aka fahimci cewa katunan wannan zubi sukan zuƙi wuta ninkin abin da aka rubuta musu na ɗan ƙiftawar da ba ta kai daƙiƙa ba, har akwatin wutar kwamfuta ya ɗauka gajeren layi ne ya kashe kansa. Wannan ne ya sa ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta wajabta wa sababbin akwatunan wuta masu ƙarfi jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokaci.

Shi ya sa masu gyara na ƙwarai suke bin abin daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada: a goge tsohon direba tas a sa sabo, a duba zafi, a tabbatar kowace wayar wuta ta shige har ƙarshe, a rage gudu kaɗan a gani, a gwada wani akwatin wuta, kafin a ce katin ne. Yadda abin ya faɗi ma shaida ne. Komawa fuskar Windows ya fi nuni ga direba ko gudu, mutuwar kwamfuta ɗungurungum ta fi nuni ga wuta. A wajenmu akwai ƙarin waɗanda ake tuhuma: zafin Afrilu, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da wutar janareta mai hawa da sauka. Ga kuma katunan da suka yi shekaru suna haƙar kuɗin intanet, waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu ta duniya bayan Ethereum ya daina amfani da su a Satumbar 2022.

A Oktoban 2022 RTX 4090 ya fito da sabon soket mai ɗaukar har wat 600, sai ga hotunan soket ɗin ya narke. Aka sake zana jadawali, wannan karon na wayoyi. Nvidia ya ce ya san da kimanin guda 50, kuma abin da ya gano shi ne ba a tura filogin ya shige duka ba. Masu saye suka ce filogin da mutum zai iya kuskuren sawa cikin sauƙi haka, ai shi ma da laifinsa. A 2023 aka sake fasalin soket ɗin da sunan 12V-2x6, aka gajarta ƙananan filoli huɗun da ke ba katin izinin jan wuta, ta yadda in bai shige sosai ba katin ba zai ja cikakken ƙarfi ba.