Egeriya: Matar da Ta Bi Sawun Littafi Mai Tsarki a Ƙarni na Huɗu

Ziyarar ibada zuwa wuraren da Littafi Mai Tsarki ya ambata ta fara bunƙasa a tsakanin Kiristoci ne a ƙarni na huɗu bayan haihuwar Almasihu, bayan da Sarki Kwanstantin na Daular Rum ya ɗage takunkumin da aka daɗe da ƙaƙaba wa addinin a shekarar 313, sa'an nan ya ba da umarni a gina manyan majami'u a ƙasar Falasɗinu. Mahaifiyarsa Helena ta ziyarci ƙasar wajen shekarar 326, aka gina majami'a a Baitalami a kan kogon da aka yi imani a nan aka haifi Yesu, aka gina wata a Dutsen Zaitun, a shekarar 335 kuma aka keɓe Majami'ar Kabari Mai Tsarki a Urushalima. Labarin ziyara mafi tsufa da ya tsira, wanda wani mutumin Bodo ta ƙasar Faransa ta yau ya rubuta a shekarar 333, galibinsa jerin zango-zango ne da nisan da ke tsakaninsu. Sai bayan kusan shekara hamsin aka samu wadda ta rubuta abin da ziyarar ta yi wa zuciyarta, wato wata mata mai suna Egeriya.

Egeriya ta fito ne daga yammacin daular, kuma masana da yawa suna danganta ta da yankin Galisiya na arewa maso yammacin Sifen. Ta yi tafiyarta tsakanin shekarar 381 da 384, tana rubuta doguwar wasiƙa da Latinanci mai sauƙi zuwa ga wasu mata abokan ibadarta da ta baro a gida, waɗanda take kira 'yan'uwa. Farkon wasiƙar da ƙarshenta sun ɓata, saboda haka abin da ya rage yana somawa ne a daidai lokacin da ayarinta ya doshi Dutsen Sina'i.

Abin da ya bambanta ta shi ne tsarin da ta ɗora wa kanta a duk inda ta sauka: a fara da addu'a, a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta nassin da ya shafi wurin, a rera Zabura da ta dace, sa'an nan a rufe da wata addu'ar. A gurinta, ganin wuri ba ya cika sai an ji labarinsa daga nassi a nan take, kuma nassin yana ƙara shiga zuciya idan ƙafa tana tsaye a kan ƙasar da abin ya auku. Ta hau Sina'i da ƙafa a safiyar wata Lahadi, domin tsayin dutsen ba ya barin a hau da dabba, ta tarar da wata ƙaramar majami'a a ƙololuwa, inda aka karanta labarin Musa da karɓar Doka, aka ci jibin Ubangiji, firistocin wurin kuma suka ba ta 'ya'yan itatuwa daga 'yan lambunan sufayen da ke zaman kaɗaici a gindin dutsen a matsayin tabarruki. Ta bayyana cewa wahalar hawan ba ta dame ta ba, tun da burin da Allah ya sa mata ne yake cika, kuma sau da yawa takan maimaita cewa ba cancantarta ce ta kai ta waɗannan wurare ba, alherin Allah ne.

Duk da zurfin bangaskiyarta, Egeriya mace ce mai yawan tambaya, wadda ba ta ƙara wa labari gishiri. A kan Dutsen Nebo, inda Musa ya hango Ƙasar Alkawari kafin rasuwarsa, an nuna mata Kogin Urdun da Yariko da Tekun Gishiri, aka kuma nuna mata wurin da matar Lutu ta zama ginshiƙin gishiri, amma ta faɗa wa 'yan'uwanta a fili cewa ginshiƙin kansa ba ta gan shi ba, domin bishop ɗin garin Zowar ya shaida mata cewa ya yi shekaru da ɓacewa, ana cewa ruwan teku ne ya rufe shi. Haka nan a Haran, inda ta ziyarci majami'ar da aka gina a mazaunin Ibrahim, ta nemi sanin hanyar garin Ur, aka gaya mata cewa yankin yana hannun Farisawa, Rumawa ba su da ikon shiga, ita kuwa ta rubuta hakan yadda aka faɗa mata.

Kashi na biyu na wasiƙar, wanda ya fi daraja a wurin masana tarihin sujada, yana bayyana ibadar Urushalima, inda ta zauna shekara uku a zamanin Bishop Siril. Ta nuna yadda a Lahadin da ke gaban Ista jama'a suke gangarowa daga Dutsen Zaitun riƙe da rassan dabino da na zaitun, iyaye suna saɓe da ƙananan yara a kafaɗa, suna raka bishop zuwa cikin birni. Ranar Juma'ar tunawa da gicciye Yesu kuwa, akan kafa tebur a Golgota, a fito da itacen da aka yi imani na gicciyen ne daga wani akwatin azurfa mai ruwan zinariya, bishop ya danne shi da hannuwansa, dikinoni, wato mataimakansa a hidima, su kewaye shi suna sa ido, domin an ce wani ya taɓa gatsar guntunsa ya tafi da shi. Mutane sukan zo ɗaya bayan ɗaya su sunkuya, su taɓa itacen da goshi da idanu, su sumbace shi, su wuce. Daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku ana karanta nassoshin shan wuyar Almasihu a farfajiya, babba da yaro suna kuka. Abin da ya fi burge ta shi ne yadda kowane karatu da kowace waƙa suke dacewa da ranar da kuma wurin, da yadda ake fassara wa'azin Girkanci zuwa Suriyanci, har da Latinanci ga baƙi. Daga Urushalima ne al'adu irin su jerin gwanon rassan dabino suka bazu zuwa majami'un sauran ƙasashe.

Ba dukan malaman zamanin ne suka goyi bayan wannan ɗoki ba. Giregori na Nisa, wanda ya je Urushalima a daidai wannan tsakanin, ya yi gargaɗi cewa sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah, Jerom kuma, wanda ya zauna a Baitalami daga shekarar 386, ya nuna cewa kyakkyawan hali ya fi zuwa Urushalima daraja. Wannan muhawara ba ta mutu ba har yau.

Wasiƙar Egeriya ta shafe ɗaruruwan shekaru a ɓoye, sai a shekarar 1884 wani masani ɗan Italiya, Gamurini, ya gano ta a garin Arezo cikin wani kundi da aka kwafa a ƙarni na 11 a gidan sufaye na Monte Kasino. An fara jingina ta ga wata Silbiya, kafin a shekarar 1903 a gane mai ita ta hanyar wasiƙar wani sufi ɗan Sifen na ƙarni na bakwai, Baleriyus, wanda ya yaba da himmarta. A yau Kiristocin Nijeriya, da yawansu masu sujada da Hausa, suna zuwa Baitalami da Dutsen Zaitun da Kogin Urdun a ƙarƙashin hukumar ziyarar ibada da gwamnatin tarayya ta kafa a shekarar 2007, kuma tsarin da suke bi a kowane zango, na karanta nassi da waƙa da addu'a, shi ne dai wanda Egeriya ta rubuta fiye da shekara 1,600 da suka wuce.