Dogon da Bai Taɓa Ɗaukar Kaya ba

Layin dogon da Faransawa suka shimfiɗa daga Kwatano ya isa Paraku a 1936, ya tsaya nan. A 1959 Nijar da Dahomey suka kafa hukumar haɗin gwiwa don tafiyar da shi, wadda daga baya aka sani da OCBN. Sannu a hankali dogon ya tsufa, bashi ya yi wa hukumar katutu.

A 2014 kamfanin Bolloré ya ɗauki aikin farfaɗo da layin da miƙa shi har Yamai. An fara aiki tun kafin a sa hannu kan yarjejeniya a Agustan 2015. A ƙarshen shekarar wata kotu a Kwatano ta ba kamfanin Petrolin gaskiya, shi da ke cewa ya riga samun kwangilar. Duk da haka, a Janairun 2016 aka ƙaddamar da kimanin kilomita 140 tsakanin Yamai da Doso. Wannan reshe bai haɗu da Paraku ba, bai kuwa taɓa jigilar kasuwanci ba.

OCBN ta kasance dukiyar al'ummar ƙasashen biyu. Haƙƙinsu ne a bayyana musu dalla-dalla abin da aka kashe, da wanda ya ba da izinin fara gini babu yarjejeniya a hannu.