Na'urar sauraren littafi ta makafi: abin da ya kamata a duba kafin a saya

Wannan bayani na duk mai son saya wa makaho na'urar sauraren littafi ne. Ba kasafai ake samunta a kasuwannin Yamai ba, galibi aiko ta ake yi daga waje. In aka yi kuskuren zaɓi, kuɗi sun tafi, na'ura kuma ta kwanta cikin akwati. To, shawararmu ita ce a fara da tambayar mai ita: me kake son saurare, kuma ina za ka riƙa yin caji?

Mece ce wannan na'ura?

Ƴar ƙarama ce, kusan girman salula, mai maɓallan da yatsa ke ganewa. Kowane maɓalli ka danna, sai murya ta faɗa maka abin da ka taɓa. Yawancinsu suna karanta littattafan da aka shirya da tsarin DAISY, wanda ƙungiyarsa ta kafu a 1996. Amfanin tsarin shi ne mutum ya tsallaka daga babi zuwa babi, ko ya nufi shafin da yake so kai tsaye, ya kuma sa alama inda ya tsaya. Fitattu cikinsu akwai Victor Reader Stream na kamfanin HumanWare a Kanada, da Plextalk na Japan, da Milestone na Suwizalan. Kuɗinsu ɗaruruwan dalar Amurka ne.

Wa zai yi amfani da ita?

Ɗalibi, kamar yaran makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da ke Yamai, ko mai shirin BEPC da Bak, shi ne ya fi buƙatar irin wannan. Yana son komawa shafi kaza, yana son ɗaukar muryar malami cikin aji, yana son ƙara saurin karatu lokacin bita.

Amma dattijon da idonsa ya tafi da girma, wanda burinsa karatun Alƙur'ani da tafsiri da shirye-shiryen rediyo, sau da yawa ƴar rediyo mai cin katin memori ta ishe shi. Aibinta ɗaya: wasu in an kashe su sai su koma farko. Tafsirin awa biyu, a ce kullum sai an faro daga bismilla? Ai da gajiya. Don haka a gwada tun a gaban mai shago: a kunna, a kashe, a sake kunnawa, a ji ko ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Salula mai Android ma tana da TalkBack da ke karanta abin da ke kan gilashi, sai dai tana buƙatar koyo da haƙuri, ga ta da shan caji.

Maganar harshe

Muryar inji da ke zuwa cikin waɗannan na'urori galibi ta faransanci ce ko turanci. Mai saye a Amurka ko Ingila ya tabbatar an sa faransanci in ɗalibin Nijar zai aika wa. Hausa da zabarmanci kuwa, abin dogaro shi ne muryar mutum da aka ɗauka a MP3. Saboda haka kada a sayi na'urar da ba ta karɓar kati. Kati mai giga 8 yana ɗaukar magana ta sama da awa 250 in an ɗauke ta da matsakaicin inganci.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar Nigelec bolt 220 ce, ta Amurka kuwa 120, bakin soket ɗin ma ya bambanta. A duba jikin caja, a ga an rubuta 100 zuwa 240. Mafi sauƙi ita ce na'urar da ke caji da wayar USB irin ta salula, don ko a ƙauye ana iya haɗa ta da ƙaramin faranti mai aiki da hasken rana. A tambaya kuma ko ana canza batirinta. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, batir kuma ba ya shiri da zafi, kada a bar ta a rana. Lokacin hunturu a sa ta cikin ƴar jaka saboda ƙura.

Ina littattafan?

Na'ura ba littafi, tulu ne ba ruwa. Yarjejeniyar Marrakech ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta sauƙaƙa musayar littattafan makafi tsakanin ƙasashen da suka amince da ita. Sai dai a kula: wasu littattafan ɗakunan karatu na waje a kulle suke, ba sa buɗuwa sai ga wanda aka yi wa rajista. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a tuntuɓi ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, a Yamai, a ji irin na'urar da mutanenta suka saba da ita.

In saƙon ya iso, a zauna da mai ita ya lalubi maɓallan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya iya kunnawa da kashewa ba tare da ya kira yaro ba. Allah ya sa a dace.