Yadda Masu Sha'awa Suka Buɗe Ƙofar Rubuta Wa Game Boy Wasanni

Ranar 21 ga Afrilu, 1989, kamfanin Nintendo ya fitar da Game Boy a Japan. Sashen da Gunpei Yokoi ke jagoranta ne ya ƙera ta, kuma da gangan aka haɗa ta da kaya masu araha: ƙwaƙwalwa ta kamfanin Sharp mai gudun megahaz 4.19, ma'ajin aiki kilobayit 8 kacal, da fuska mai ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, wadda ba ta nuna komai sai launi huɗu daga haske zuwa duhu. Duk da haka ta karɓu matuƙa. Ita da ƙanwarta Game Boy Color ta 1998, an sayar da fiye da miliyan 118.

Sai dai sayen na'ura daban, rubuta mata wasa daban. A wancan zamani sai kamfanin da ya sami lasisi ake bai wa littattafan bayani da kayan gwaji, kuma ta hannun Nintendo ake buga kaset. Har wani kulle aka dasa a cikin na'urar: da an kunna ta, sai ta duba ko kaset ɗin na ɗauke da tambarin Nintendo. In babu, ko motsi ba za ta yi ba. Wanda kuwa ya kwafi tambarin ba da izini ba, ya bai wa lauyoyin kamfanin abin kamawa.

Intanet ce ta sauya lamarin. A tsakiyar shekarun 1990 wasu masu sha'awa suka riƙa kwance na'urar, suna gwada ta, suna rubuta abin da suka gano. A 1995 wani mai laƙabin Pan, na ƙungiyar Anthrox, ya fara tattara waɗannan bayanai wuri guda. Wannan kundi ne ake kira Pan Docs. Daga baya Martin Korth ya faɗaɗa shi, kuma har yau ana ƙara masa. A daidai wannan lokaci Marat Fayzullin ya fitar da Virtual GameBoy, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi na'urar, ta yadda mutum zai gwada abin da ya rubuta ba tare da ya mallaki kaset ba.

Bayan bayani sai kayan aiki. Carsten Sørensen ya samar da RGBDS ga masu son rubutu da harshen Assembly, wanda ke magana da ƙwaƙwalwar kai tsaye. Pascal Felber da Michael Hope suka yi aikin GBDK, wanda ya ba da damar amfani da harshen C mai sauƙin koyo. Kamfanin Bung na Hong Kong kuma ya fito da kaset da ake gogewa a sake zuba masa wasa. Da yake masu satar fasaha ma da shi suke aiki, Nintendo ta maka kamfanin a kotu. Amma kafin nan mutane sun riga sun ga wasan da suka rubuta a ɗakinsu yana gudu a kan na'urar gaske. A 2000 Johan Kotlinski na Suwidin ya fitar da Little Sound Dj, ya mayar da Game Boy kayan kiɗa. A 2003 wani mai laƙabin Neviksti ya fasa murfin ƙwaƙwalwar, ya leƙa da madubin likita, ya karanta bayit 256 na manhajar da ke duba tambarin Nintendo.

Na'urorin da suka biyo baya sun tarar da jama'a a shirye. Game Boy Advance ta 2001 ta zo da ƙwaƙwalwar ARM, wadda ta fi dacewa da harshen C. A shekarar ce kuma kamfanin Game Park na Koriya ta Kudu ya fitar da GP32, wadda ta yi suna wajen karɓar manhajojin masu sha'awa. A 2019 Chris Maltby ya fitar da GB Studio, inda ake haɗa wasa da zane da zaɓe-zaɓe ba sai an iya rubuta manhaja ba. Da kamfanin Panic ya fitar da Playdate a 2022, kyauta ya raba kayan rubuta mata wasa. Abin da a da ake ɓoyewa, yanzu da shi ake talla.

Har yanzu masu koyo da yawa da tsohuwar Game Boy suke farawa, saboda ƙanƙantarta. Komai na fuskarta daga gutsattsarin zane masu ɗigo 8 sau 8 ake gina shi. Abubuwa masu motsi ba sa wuce 40, kuma 10 kawai layi ɗaya ke ɗauka. Na'urar kan zana layi 144, ta ɗan dakata na tsawon layi 10, kusan sau 60 a daƙiƙa, kuma a wannan ɗan hutu ne ya fi dacewa a sauya zane. Mai koyo zai iya riƙe duk waɗannan ƙa'idoji a kansa, abin da ba ya yiwuwa da wayar zamani. Kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, manhajar kwaikwayo, GBDK ko RGBDS, da Pan Docs sun ishe shi, kuma in ban da kwamfutar, duk kyauta ne.