Daga Ƙwadago Zuwa Yawon Shaƙatawa: Tarihin Gonakin "Tsinki da Kanka" a Ingila

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa karkarar Ingila tsakanin watan Yuni da na Agusta, watau lokacin zafinsu, wanda a cikinsa ne makarantu suke yin dogon hutu, ba zai rasa ganin alluna a bakin gonaki suna kiran matafiyi ya shigo ya tsinki 'ya'yan itace da hannunsa ba. Magidanci yakan zo da iyalinsa a mota, a miƙa musu 'yan kwanduna, su bi kunya-kunya suna tsinka, in sun gama a ɗora a sikeli su biya. Abin da aka fi tsinka shi ne sitiroberi, ɗan itacen nan ja da ake nomawa a tsaunukan Jos, sa'an nan rasberi da ceri da tuffa. Wannan maƙala za ta bi diddigin al'adar, domin a nuna yadda aikin da a da ake biyan talaka ya yi, ya rikiɗe ya zama abin da mai hali yake biya domin a bar shi ya yi.

2.0 Lardin Kent da Masu Cin Rani Daga Landan

Tushen labarin yana lardin Kent, kudu maso gabas da birnin Landan, wanda Turawa suke yi wa kirari da lambun Ingila. A shekarar 1533 wani mai suna Richard Harris, mai kula da 'ya'yan itace na Sarki Henry na Takwas, ya dasa manyan lambunan ceri da tuffa a ƙauyen Teynham. A cikin wannan ƙarni ne kuma aka fara noman wata shuka mai yaɗo da ake kira hof, wadda Turawa suke sa furenta a giya domin ya ba ta ɗaci ya kuma hana ta lalacewa. Nomanta ya yi ta bunƙasa, har a shekarar 1878 ya kai wajen eka 72,000 a faɗin ƙasar, mafi yawansa a Kent.

Furen hof da 'ya'yan itace duk halinsu ɗaya ne: suna nuna gaba ɗaya cikin 'yan makonni, in kuwa ba a tsinke su ba sai su lalace. Mutanen ƙauyuka ba su isa wannan aiki ba, saboda haka dole manoma suka nemi hannu daga waje. Masu zuwa sun haɗa da al'ummar Romani masu yawo da karusai, da mutanen Ayalan, amma mafi yawa talakawan unguwannin gabashin Landan ne. Da farko a ƙafa suke zuwa. Da aka shimfiɗa hanyar dogo sai aka riƙa tanadar musu jiragen ƙasa na musamman masu arha, waɗanda suke tashi da tsakar dare. Dubun-dubatar mutane ne suke yin wannan cin rani kowace shekara, akasari mata da yara da tsofaffi, domin mazaje sukan tsaya wajen aikinsu, sai ƙarshen mako su biyo baya. Wasu iyalai sukan fara da tsinkar sitiroberi da ceri tun watan Yuni, su ƙare da hof a watan Satumba.

3.0 Hutun Talaka da Abin da Ke Cikinsa

Su dai waɗannan mutane hutu suka ɗauki abin, kuma da wannan suna suke kiransa. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya shekara a ɗaki ɗaya cikin hayaƙi da cunkoso, in ya sami makonni huɗu yana shaƙar iskar daji, ana dafa abinci a murhu a fili, ana hira da waƙe-waƙe da dare, sa'an nan ya koma gida da kuɗin da zai saya wa yara takalma da rigunan sanyi, ai ba zai kira abin wahala ba. Ko bayan da dokar shekarar 1880 ta tilasta sa yara a makaranta, malamai ba su daina kukan cewa azuzuwa suna zama wayam a watan Satumba ba.

To, amma tarihi bai ɓoye ɗaya gefen ba. A farkon lamari a rumbuna da garken dabbobi da gindin shinge ake kwana, ba ruwa mai tsabta, ba makewayi. A shekarar 1849 cutar kwalara ta kashe masu tsinka 43 a ƙauyen East Farleigh. Ranar 20 ga Oktoba, 1853, amalanken da ke mayar da ma'aikata masauki ya faɗa kogin Medway daga kan gadar Hartlake, mutum 30 suka halaka. Irin waɗannan masifu ne suka sa masu wa'azi da hukumomi suka matsa wa manoma lamba, har aka fara gina 'yan ɗakuna na katako da kwano, a shimfiɗa ƙirare da tattaka a matsayin gado.

Ta fuskar lada ma akwai abin dubawa. Marubucin nan George Orwell ya shiga cikin masu tsinka a kusa da Wateringbury a shekarar 1931, ya kuma rubuta abin da ya gani. Ana biya ne bisa ga awo, kwabo biyu kowane bushal, watau ma'aunin da ya kai lita 36, ko kuwa sule ɗaya a kan bushal shida. Mai awo na manomi ne, yana da ikon danna furen a cikin kwando yadda ya ga dama, wanda kuma ya bar aiki kafin a gama sai a zabtare masa lada. Abin da Orwell ya samu a mako bai wuce wajen sule tara ba. Duk da haka, shi kansa ya lura cewa mutanen suna son zuwa, suna kuma ɗokin zagayowar shekara.

4.0 Yadda Al'amarin Ya Juya

Abubuwa uku ne suka kawo ƙarshen wannan zamani. Na farko shi ne injin tsinkar hof, wanda aka fara ƙerawa a Ingila a shekarun 1930, ya bazu a shekarun 1950, ya mayar da aikin ɗaruruwan mutane na 'yan ƙalilan. Na biyu shi ne hutu mai albashi: dokar shekarar 1938 ta buɗe ƙofarsa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya game ma'aikata, har lebura ya iya kai iyalinsa bakin teku ba tare da ya sunkuya a gonar kowa ba. Na uku shi ne yawaitar motoci a hannun talakawa da masu matsakaicin hali.

Manomin hof ya sami inji, amma manomin sitiroberi bai samu ba, domin ɗan itacen yana da taushi, a wancan lokaci hannu kaɗai ke iya tsinkarsa ba tare da ya dame ba. Ga amfanin gona ya nuna, ga ma'aikata sun yi ƙaranci sun kuma yi tsada. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sai manoma suka buɗe wa masu saye ƙofar gona. Ana danganta yaɗuwar wannan dabara da Ted Moult, wani manomi da ya yi suna a rediyo da talabijin, wanda ya fara ta a gonarsa da ke Ticknall a lardin Derbyshire a shekarar 1961.

Hikimar abin ita ce, manomi ya huta da biyan lada, da ɗaurin kaya, da kuɗin mota, da la'adar dillali, ya kuma karɓi kuɗinsa hannu da hannu. Mai saye kuwa ya sami kaya sabo a farashi mai rahusa. Asarar manomi ita ce abin da yara suka tattake da abin da aka jefa a baki kafin a kai sikeli, kuma wannan ya riga ya lissafa shi a cikin farashi. A shekarun 1970, da firiza ta shiga gidaje, sai harkar ta kai ƙololuwa: uwargida takan tsinki kwanduna da yawa, ta daskarar da wasu, ta dafa wasu da sukari ta ɗura a kwalabe domin lokacin sanyi. Har zuwa wannan lokaci, tattali ne yake kai mutane gona, shaƙatawa tana biye.

5.0 Gonar Baƙi da Gonar Kasuwa

Daga shekarun 1990 kasuwar ta ja baya. Manyan kantuna sun riƙa shigo da sitiroberi daga Sifen da wasu ƙasashe, manoman gida kuma suka koma noma a ƙarƙashin dogayen rumfunan leda, abin da ya tsawaita kakar daga wajen makonni shida zuwa kusan rabin shekara. Da kaya ya wadata a kanti cikin arha, sai hujjar tattali ta faɗi. Gonaki da dama suka rufe ƙofa. Waɗanda suka rage sai suka ƙara wurin shan shayi da filin wasan yara, wasu ma suka sa kuɗin shiga, watau abin sayarwa ya tashi daga ɗan itace ya koma yinin da aka yi a gona.

Ƙwadagon na ainihi kuwa bai gushe ba, sai dai ya sauya masu yinsa. A shekarar 1945 Birtaniya ta fara tsarin shigo da ma'aikatan kaka daga ƙetare. Bayan faɗaɗa Tarayyar Turai a shekarar 2004 mutanen Folan da maƙwabtansu suka cika gonaki, daga baya na Romaniya da Bulgeriya, sa'an nan na Yukiren da ƙasashen tsakiyar Asiya. A shekarar 2020, da annobar korona ta toshe hanyoyi, gwamnati ta yi yekuwa ga 'yan ƙasa su fito su tsinki amfanin gona. Da yawa sun nuna sha'awa, amma kaɗan ne suka jure wa aikin, shekara na zagayowa aka watsar da shirin.

6.0 Kammalawa

A taƙaice dai, abin da mai cin rani na Landan ya haɗa a tafiya ɗaya, watau neman kuɗi da shan iska, zamani ya raba shi gida biyu. Shan iskar ya zama rabon iyalin da ke zuwa a mota su yi sa'a biyu su biya, neman kuɗin kuma ya zama rabon baƙon da ke kwana a ɗakin kwano a bayan rumfunan leda, yana fita tun asuba, ana auna masa lada da nauyin abin da ya tsinka, kamar yadda aka auna wa mutanen zamanin Orwell. Mai nazarin al'adu da ya tsaya a kan allon bakin gona kaɗai, rabin tarihin ya karanta.