Asalin Kalmar Ƙarfi

Ƙarfi kalma ce 'yar gida, kuma mai neman tushenta sai ya biya ta maƙera. Mutanen da suna haɗa ta da ƙarfe, kuma ba su yi ganganci ba, domin maƙera suna da babban matsayi a tarihin ƙasar Hausa. An ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya yada zango a gindin dutsen Dala, har garin ya ci sunansa. Masu tonon kufai kuma sun sami alamar narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. A Gayan nan dai aka ce maƙera suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ita a Daura. Ga kuma Barbushe, ƙaton nan na dutsen Dala, wanda littafin tarihin Kano ya ce yakan kashe giwa da sanda, ya ɗauko ta a ka. Mutanen da suka taso tsakanin maƙera da irin wannan sadauki ba sa bukatar aron sunan ƙarfi daga kowa.

Saɓanin yana kan wadda ta riga tsakanin ƙarfi da ƙarfe. Wasu sun ce daga ƙarfe aka samo ƙarfi. Ni kam na fi ganin akasin haka, don mutum ya yi farauta da kokawa tun bai san zugazugi ba. Da ya narka tama ya ga abin da ba ya karyewa, sai ya laƙaba masa sunan da ya riga ya sani. Masu jingina kalmar ga Larabci kuwa ba su duba danginta ba. Mulki da ƙudura su ne suka zo tare da malamai. Ƙarfi ɗakinsu ɗaya da zafi da zurfi, haihuwarsu ma iri ɗaya ce: ƙaƙƙarfa, zazzafa, zuzzurfa, ƙarfafa, zafafa, zurfafa.

Daga damtse kalmar ta shiga zuciya, aka sami ƙarfin hali da ƙarfin gwiwa, aka kira zalunci fin ƙarfi. Yau har lantarki da Naira ana auna ƙarfinsu. Abin takaici shi ne yadda ake cakuɗa ta da iko, alhali magabata sun raba su sarai. Ɗan dambe ƙarfi gare shi, sarki kuwa ko ya tsufa tukuf shi ke da iko. Ya kamata marubuta da masu karanta labarai a rediyo su kiyaye wannan bambanci.