Set-Setal: Yadda Samarin Dakar Suka Koyi Shugabanci a Jikin Bango

Yau tarihi zai kai mu birnin Dakar na ƙasar Senegal.

A watan Fabrairun 1988 aka yi zaɓen shugaban ƙasa, aka ba Abdou Diouf nasara a kan Abdoulaye Wade. Samari suka ƙi yarda, tarzoma ta ɓarke, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Dakar, aka tsare Wade. Yajin ɗalibai ya yi tsawo har aka soke shekarar karatu baki ɗaya. Kafin wannan ƙura ta lafa, a watan Afrilun 1989 rikicin Senegal da Muritaniya ya tashi, aka zubar da jini a biranen ƙasashen biyu. Ga kuma tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka gindaya wa ƙasar: aiki ya yi wuya, shara ta yi tudu a unguwanni, magudanai suka toshe.

A cikin wannan hali, wajen 1990, aka ga wani sabon abu. Samarin unguwanni irin su Medina suka fito da tsintsiya da shebur da baro, suka kira aikin nasu Set-Setal, wato a harshen Wolof "zama da tsabta da kuma tsabtacewa". Suna nufin tsabtar titi da ta hali gaba ɗaya, domin a ganinsu ƙazantar gari da ta siyasa uwarsu ɗaya. Waƙar Youssou N'Dour mai suna Set, wadda ta fito a 1990, ta ƙara wa tafiyar kaimi.

Bayan shara sai fenti. Bangon da a da ake tsugunawa a gindinsa ya koma allo. Suka zana Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya, da Alhaji Malick Sy na Tijjaniyya, da Lat Dior, sarkin Kayor da ya yi yaƙi da Faransawa har aka kashe shi a 1886, da Nelson Mandela. A gefe kuma suka yi zanen gargaɗi kan zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙanjamau. Suka gina 'yan hasumiyoyi a mararraba, suka raɗa wa tituna sunayen mutanen unguwa. Hikimar a bayyane take: ba mai zubar da shara a ƙarƙashin hoton shehinsa. Malamai sun yi saɓani a kan zana mai rai, kuma saɓanin yana nan, amma kunyar da zanen ya dasa ta yi abin da doka ta gaza.

To, ina shugabancin yake? Ƙashin bayan tafiyar shi ne ƙungiyoyin wasanni da al'adu na unguwa, waɗanda suka saba shirya gasar ƙwallon damina da ake kira nawetan. Kafin a shafa fenti sai an nemi izinin mai gida, an shawarci liman da dattawa, an yi gardama a kan wanda ya cancanci a zana. Sai an tara kuɗi gida-gida da wurin masu motoci, an shirya daren kiɗa don neman gudunmawa, sannan a tsaya gaban jama'a a yi bayanin inda kowane dala ya shiga. Yaron da ya riƙe asusu bai ci amana ba, ya raba aiki bai fifita abokinsa ba, ya sha sukar manya bai yi fushi ba, ya riga ya shiga makarantar mulki.

Tafiyar ba ta daɗe da ƙarfinta ba. 'Yan siyasa suka shiga zawarcinta, rana da ruwa suka cinye zanen. Amma a 2011, da mawaƙa da 'yan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre, masana da dama sun ga jinin Set-Setal a jikinta.

Mu da muka gaji aikin gayya da sarautar sarkin samari, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dattijon da ke son magaji nagari, ya damƙa wa yaro ƙaramar amana yau, ya zauna ya ji lissafinta gobe.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.